Motar Babanki da Ruwanta

Nasarawo, Gombe

'Yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko a kan hanya kika buɗe ta ko bayan kin sauka a Jalingo. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aikin da ya ba ki, ya sa garin ya karɓe ki.

A baranda nake zaune, rana ta fara karkata, ke kuma kin fita yin sallama da ƙawayenki 'yan kwaya. Motar tana gabana a ƙarƙashin darbejiya, kin wanke ta tas, ganye yana faɗowa a kanta ɗaya bayan ɗaya. Idan na gama zan ninke takardar in sa miki a aljihun gaba, tare da takardun mota. Jiya da na fara yi miki maganar ruwan inji kika ce, "Mama, ai na sani," kika yi dariya. Gaskiya ne, kin fi ni iya tuƙi. Amma akwai abubuwan da ba zan iya faɗa ba kina kallona, shi ya sa na ɗauki biro.

Babanki bai taɓa tayar da motar nan ba sai ya buɗe bonet. Da sassafe, kafin ya sha koko, zai fito da singileti, tsumma a kafaɗa, yana 'yar waƙarsa ta coci a cikin hanci. Ni ina kicin ina jin ƙarar buɗewar bonet ɗin, sai in san gari ya waye sosai. Wani lokaci har yanzu, idan na farka tsakanin barci da ido biyu, sai in ji kamar ƙarar ce, in ji kamar ƙanshin koko, sai na ɗan jima kafin in tuna shekarun da suka wuce. Duk tsawon zamanmu ban taɓa fitowa na leƙa abin da yake dubawa ba. A zatona sha'anin maza ne kawai, kamar sauraron labarai a rediyo.

Da ya rasu kina shekara tara. 'Yan'uwa suka ce in rabu da motar, na ƙi. Ƙaramin asibitin da nake aiki yana wani ƙauye gaba da Kwadon, kuma na gaji da tsayuwa a bakin titi ina jiran abin hawa alhali mata suna can suna jirana. Malam Buba, abokin babanki, makanike a Shamaki, shi ya koya mini tuƙi a filin makaranta ranakun Asabar. Ya yi mini bayanin ruwa da baƙin mai, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma hankalina duka yana kan kuloci da giya, maganar ta shiga ta nan ta fita ta can.

Wata huɗu ina tuƙa motar ban buɗe bonet ko sau ɗaya ba. Ina zuba mai, ina wanke ta, ina share kujeru. A ganina na gama mata komai.

Ran nan ina dawowa daga aiki, lokacin bazara, irin zafin nan na Gombe da kwalta ke rawa a gaban mutum kamar ruwa ya kwanta a kanta. Sai na ga wani farin hayaƙi yana fitowa ta gaba a hankali. Na tsaya kusa da wata mata mai sayar da mangwaro. Na buɗe bonet da kyar, don ban ma san inda maƙullin yake ba sai da na lalube. Na ga murfin lagireto, na ce a raina nan ne ake zuba ruwa. Na naɗe hannuna da gefen zani na kama.

Matar ta ɗaga murya ta ce, "Malama, kar ki taɓa!"

Kafin ta rufe baki na murɗa. Ruwan ya yi sama kamar an harbo shi. Allah ya sa na kawar da fuska, ya sauka a wuyan hannuna. Wannan tabon da kika sani, wanda kike shafawa da yatsa kina ƙarama, na ce miki tukunyar tuwo ce. Ba tukunya ba ce. Kunya ce ta hana ni faɗa, ni da nake yi wa mata faɗa kullum a kan barin yara kusa da murhu. Matar nan ita ta riƙe mini hannu tana zuba ruwan randarta a kai, tana ta yi mini sannu, ni kuwa ina kallon motar babanki tana huci, ina kuka, kuma ba zafin ƙunar ne ya fi sa ni kukan ba.

Don haka, Rahila, ki duba ruwa da safe, inji yana da sanyi, kafin ki murɗa makulli. Akwai 'yar farar roba a gefen lagireto mai layi biyu a jikinta, ruwan ya tsaya tsakanin layukan. Minti biyu ne. Idan kuwa mota ta yi zafi a hanya, murfin nan ba abin taɓawa ba ne, ko wa ya ce ki buɗe. Ki kashe inji, ki nemi inuwa ki zauna. Sai kin iya ɗora tafin hannunki a kan babban tiyon da ke saman lagireto kin bar shi ba ki janye ba. Ko a lokacin ma, da tsumma mai kauri, ki murɗa kaɗan ki bar shi ya gama tsaki, fuskarki tana gefe.

Da Malam Buba ya zo ya ga abin da ya faru, ya tambaye ni ko na watsa wa injin ruwa. Na ce na yi niyya, hannun ne ya hana ni.

Ya ce, "To Maman Rahila, ƙunar nan ta cece ki daga wata asarar. Ƙarfe mai zafi idan ya sha ruwan sanyi farat ɗaya tsagewa yake yi, kamar kofin gilas."

Ki riƙe wannan ma. Mutanen bakin hanya suna da kirki, za su rugo da bokiti. Ki yi musu godiya, ki ce su ajiye.

Bayan hannuna ya warke sai na koma ɗaya gefen. Na zama mai zuba ruwa ba ji ba gani. Ko wane iri na samu, zubawa nake yi: na rijiyar asibiti, na kwano, har na rafi. Akwai wani ɗan rafi da nake tsallakawa kafin in hau kwalta. Da damina nakan tsaya a nan da gangan, ko motar ba ta buƙata. Wurin shiru, gero ya fi ni tsawo dama da hagu, balbelu suna bin shanu, hadari yana taruwa can wajen Dadin Kowa. Sai in cire takalmi in shiga ruwan zuwa idon sawu, in cika jarka, in tsaya ina kallon yadda yashi ke gudu a kan ƙafata. A nan kaɗai nake samun in yi tunanin babanki ba wanda ya kira ni. Ina ganin rabin dalilin ɗiban ruwan ke nan. Ruwan kuwa ja ne, da laka da komai, haka nake ɗura wa motar ina jin daɗi wai ina kula da ita.

Da lagireton ya fara tsatsa kaɗan, wani mutum a tasha ya ce ba sai na je gareji ba, in zuba garin barkono cokali biyu a ciki, zai toshe ramin. Ni da karatuna, na je gida na ɗebo na zuba. Kwana biyu ɗigar ta tsaya, na yi ta murna. Kin tuna lokacin da kika ce motarmu tana ƙanshin miya? Wannan ne. A mako na uku allurar zafi ta fara hawa ko a ɗan cunkoson cikin gari.

Malam Buba ya kwance lagireton ya ajiye a ƙasa, ya kira ni in gani da idona. Ya sa tiyon famfo ta sama, abin da ya fito ta ƙasa kamar kunun kanwa da ya kwana. Ya haska mini ciki. 'Yan siraran hanyoyin da ruwa ke bi duk sun yi ɓawo fari da ja, irin wanda ke kama gindin butar shayi. Ya shinshina hannunsa, ya yi atishawa, ya dube ni.

Ya ce, "Barkono?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Maman Rahila, tsakani da Allah, a asibitinku idan za ku ƙara wa mutum ruwa, na rafi kuke ɗebowa?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To ita ma jijiyoyi gare ta, kuma sun fi na mutum saurin toshewa."

Daga ranar na koma koren ruwan nan da ake sayarwa a galan, wanda aka yi don inji. Ba ya barin tsatsa, kuma ba ya saurin tafasa. Shi ne a cikin motar yanzu, na kuma sa miki galan guda a but. Idan ya ƙare ki nemi irinsa, akwai wani ja da ake sayarwa, kar ki haɗa shi da koren don kawai shi kika samu. Idan lalura ta kama ki a daji babu shi, ki zuba ruwa mai tsabta, wanda ke kanki za ki iya sha, ya kai ki gari, sannan a juye a sa na gaskiya. Kar ki yarda kowa ya zuba miki barkono, ko sabulu, ko ƙwai, ko garin taba. Rami a lagireto walda yake so ko canji. Kuma duk shekara biyu a zubar da tsohon ruwan a wanke cikin, ko da ba ki ga laifinsa ba.

Aikinki na gona ne, za ki yi ta shiga ƙauyuka. Da kaka ƙaiƙayi da fara da 'ya'yan ciyawa suna maƙalewa a fuskar lagireto, iska ta kasa wucewa. Ki riƙa leƙawa, a wanke da ruwa a hankali, ba da tsinke ba. Sannan akwai wata 'yar ƙofa a cikin inji da ke buɗe wa ruwa hanya idan ya ɗau zafi, makanikai suna ce mata tamosta. Za ki haɗu da wanda zai ce miki ta ƙasar sanyi ce, a cire a yar. Malam Buba bai taɓa yarda ba. Idan ta lalace a sa sabuwa. Shi kansa murfin lagireto yana da roba a ciki, idan ta tsufa ta tsattsage ruwa yana guduwa ta nan ba ki sani ba.

Na tsaya a nan na je na sha ruwa, na dawo, na zauna ina juya biro. Abin da ya rage shi ne dalilin takardar, kuma ban taɓa gaya miki ba.

Kina aji ɗaya a sakandare lokacin. Wata safiya na ja motar baya sai na ga ɗan tabo kore a ƙasa inda ta kwana, bai fi bakin kofi ba. Na san ma'anarsa sarai, don a lokacin na daɗe da koyo. Na ce ranar Asabar zan kai wa Malam Buba. Asabar ta zo, akwai ɗaurin aure a coci, ni ce kan girki. Na ce ta gaba. Ta gaban ta zo na tashi a gajiye, na yi wanki, na kwanta. Kullum da safe ina ƙara ruwa kaɗan, ina ce wa kaina ai ina lura. Tabon yana faɗi, ina ganinsa, ina tsallake shi in shiga mota. Mako biyu.

Ranar da abin ya faru, wajen ƙarfe goma sha biyu, aka kawo wata mata a amalanke. Sunanta Dija, matar wani manomi, cikinta na biyu. Mahaifiyarta ce ta rako ta, wata dattijuwar Bafulatana da kowa ke ce wa Dada. Tun jiya take naƙuda a gida. Ina taɓa cikin na san ba aikina ba ne, jaririn a gicciye yake, sai tiyata. Na ɗora ƙahon sauraro na kasa kunne. Zuciyar jaririn tana bugawa, da sauri, amma tana nan, tsaf.

Na ce, "Dada, sai Gombe. Yanzu."

Ta ce, "Da me, Malama?"

Na ce, "Da motata."

Muka kwantar da Dija a baya, kanta a cinyar uwarta. Na ɗauki hanya. Ba ta da nisa, ke ma kin sani, hanyar da nake bi kullum ce. Muna hawa kwalta, daidai shiga Kwadon, idona ya faɗa kan allura. Ta wuce rabi. A Kwadon akwai motoci a tsaye, akwai direbobi zaune a kan benci a inuwa, na gan su da idona, har ɗaya ya ɗaga mini hannu don ya san ni. Da na taka birki a nan na ce ga mai naƙuda, kafin minti biyar da an mayar da ita wata motar. Amma sai wani abu a raina ya ce ai saura kaɗan, ai ba ta taɓa ba ni kunya ba, sauke ta da sake ɗora ta ɓata lokaci ne. Na ƙara taka totur na wuce.

Allurar ta ci gaba da hawa ina kallonta. Wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika motar. Allurar ta shiga ja. Na fara addu'a da ƙarfi, Dada tana tata a baya, kowa da harshensa. Sai injin ya fara wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ƙarfinsa ya ragu, ya ragu, ya mutu. Na gangara gefe. Babu gida, babu rumfa, sai wata tsamiya guda. Daga nan ina hango rufin kwanon Gombe yana ƙyalli a rana, kamar in miƙa hannu in taɓa.

Tiyon ƙasa ne ya yage. Wurin da yake ɗiga mako biyu, shi ne ya buɗe gaba ɗaya, ruwan duka ya zube a hanya.

Muka sauko da Dija ƙarƙashin tsamiyar. Na tsaya a tsakiyar titi da farar rigata ina ɗaga hannu. Tsakar rana ce ta bazara, hanya ta ɗauke ƙafa. Motar farko cike take har but, ta biyu ba ta tsaya ba. Na kira Malam Buba, ya ce ga shi nan, amma daga Shamaki zai taso. Ina komawa wajen Dija in ɗora ƙaho, in dawo titi, in sake komawa. Duk sanda na saurara bugun yana nan, amma yana nisa, kamar mai tafiya yana waiwaye. Dija ba ta yi ihu ba. Idonta yana kan ganyen tsamiya, leɓɓanta suna motsi. Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. A agogo bai kai awa ɗaya ba, amma ni har yau ina ganin kamar ban bar gindin bishiyar nan ba.

Daga ƙarshe wata akori-kura ta tsaya, shaƙe da buhunan albasa. Direban bai yi tambaya biyu ba. Ya hau baya ya dinga turo buhunan ƙasa, a nan bakin hanya ya bar su, muka shimfiɗa zani muka ɗora ta. Ban san sunansa ba har yau. A cikin ƙarar motar da iska na sake ɗora ƙahon, ban iya jin komai ba, na ce wa kaina ƙara ce ta hana.

Aka shiga da ita tiyata muna isa. Dija ta rayu. Jaririyar, mace ce, ba ta zo da rai ba. Likitan da ya fito ya ce mini, "Sista, kin yi iya ƙoƙarinki." Na juya na fita. Na dawo gida da yamma a keke napep, kika tarye ni a ƙofa kika ce ina mota, na ce tana gareji. Kika ce me za mu ci, na shiga na dafa taliya.

Injin ya ƙone gaba ɗaya, sai da aka sauke shi aka sa wani. Malam Buba ya kawo mini yagaggen tiyon a hannu, ya ajiye a kan benci. Guntun baƙar roba ne, tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Canza shi ba zai ɗauki rabin awa ba.

Bayan wata guda na kasa jurewa, na je gidan su Dija. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake, Dada tana gefe tana kaɗa nono. Suka yi ta godiya, suka shimfiɗa mini tabarma. Na ce su dakata da godiyar. Na gaya musu komai, tabon da na gani, Asabar biyu da na bari, motocin Kwadon da na wuce. Dada ta daina kaɗawa. Dija ta daɗe tana kallon waken da ke cikin faifai.

Ta ce, "Malama, da motar ba ta tsaya ba, kin tabbata da ta rayu?"

Na ce, "Ban tabbata ba."

Ta ce, "To ni ma ban tabbata ba. Ke kika ɗauke ni ranar da babu mai ɗaukata. Sauran ki bar wa Allah."

Dada ta zuba mini nono a ƙwarya ta ce in sha, na sha ina hawaye. Na bar wa Allah hukuncin, kamar yadda ta ce. Amma canza tiyo ba aikin Allah ba ne, Rahila, nawa ne, kuma ban yi ba.

Da yarinyar tana nan da yanzu ta isa gama sakandare. Kafin in yi ritaya, idan na bi hanyar da rana tsaka kwalta tana rawa, nakan hango kamar wata budurwa tana tafiya a gefen titi can gaba, siririya, da tsayin Dija, gyalenta yana kaɗawa. In na matso sai in ga ba kowa, zafi ne kawai. Ba ta ba ni tsoro. Nakan rage gudu ne, in wuce tsamiyar a hankali.

To ki ji. Duk ranar da kika ga ɗigo a ƙarƙashin motar nan, ranar za ki kai ta, ba Asabar ba. Ba ki san wanda zai ƙwanƙwasa miki ƙofa gobe yana neman a kai shi wani wuri ba, kuma a ƙauyukan da za ki, wataƙila motarki ce kaɗai a wurin. Sau ɗaya a mako, da safe, ki matsa tiyoyin nan biyu da hannu. Idan kin ji ɗaya ya yi laushi kamar ayaba, ko ya ƙandare, ko ya kumbura a wuya, a canza. Idan fambel ya fara kuka lokacin tayarwa, a duba shi, don shi yake juya famfon da ke zagaya da ruwa. Idan kin tsaya a cunkoso ki kasa kunne ki ji fanka tana tashi. In kin daɗe ba ki ji ta ba, akwai magana.

Allurar nan kuma ki mayar da ita kamar madubi, ido yana kai mata yana dawowa. Wurin zamanta rabi ne ko ƙasa kaɗan. Idan ta wuce, ki kashe esi, ki kunna hita har ƙarshe ki sauke gilas. Za ki yi gumi, amma hitar tana janye zafi daga inji. Idan ba ta sauko ba, ki tsaya a wuri na farko da kika ga mutane. Kar ki ce saura kaɗan. Ni na faɗi wannan kalmar, na san inda take kai mutum. Bayan injin ya huce, ki zaro sandar baƙin mai ki duba. Idan ya koma kamar shayi da madara, ko farin hayaƙi yana fita ta salansa ba ya yankewa, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Kar ki sake tayarwa, a jawo ta.

Gobe ki fita da wuri, ki wuce hawan da ke bayan Kaltungo kafin rana ta buɗe. A kan hawa ki saukar da giya, kar ki matsa mata. Tsohuwa ce, amma Malam Buba ya bi ta kaf shekaranjiya, ya sa sababbin tiyoyi da murfi. Idonsa ya yi rauni yanzu, da yatsu yake gani, amma ya ce in gaya miki ya yarda da ita har Jalingo da dawowa. Ya ce kuma idan kin samu makanike a can, ki zaɓi wanda yake nuna miki abin da ya cire.

Ga muryarki nan ina ji a bakin ƙofa, kuna dariya da ƙawayenki, bari in tsaya haka. Allah ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya raba ki da mugun ji da mugun gani, ya ba ki hannu mai sanyi a kan sitiyari da zuciya mai haƙuri a wurin aiki. Ya sa duk wanda ya shiga motar nan ya sauka lafiya inda ya nufa. Ya ji ƙan babanki, ya dawo mini da ke ina da rai.

Idan kin isa ki kira ni. Idan kuma ba ki isa a kan lokaci ba, don kina zaune a gindin wata bishiya kina jiran inji ya huce, shi ma ki kira ni ki gaya mini. Ba zan yi faɗa ba. Zan ce Allah ya yi miki albarka, in zauna a kan waya tare da ke har ya huce.

Ni ce mahaifiyarki,
Hannatu